DUWATSUN DA SUKE FAƊOWA DAGA SAMA: ABIN DA YA KAMATA MUSULMI YA SANI

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci abin da muke gani da abin da ba mu gani, Ya kuma ba ɗan Adam hankali domin ya yi lura. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani al'amari da ya cika bakin jama'a a shekarar 2025, lokacin da gidajen rediyo suka ba da labarin cewa an sayar da wani dutse da aka tsinta a ƙasarmu Nijar a kan dalar Amurka miliyan 5.3, watau kimanin miliyar 3 na kuɗin sefa. Mutane sun rabu a kan wannan labari. Wasu sun ce ƙaryar Turawa ce, dutse ba ya faɗowa daga sama. Wasu sun ce lalle akwai wani asiri a cikin dutsen, in ba haka ba wa zai zuba wannan dukiya a kansa. Wasu kuma, musamman matasa, sun shiga ɗaukar kowane baƙin dutse suna jujjuyawa, ko Allah Zai sa a dace. Duk waɗannan ra'ayoyi rashin sani ne ya haife su, kuma magabata sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Saboda haka muka ga ya wajaba mu yi bayani, domin al'amarin ya taɓa aƙida, ya kuma taɓa dukiya, kuma addini da dukiya suna cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare.

FASALI NA ƊAYA: ABIN DA YA FARU

A ranar 16 ga watan Nuwamba 2023 wani mai neman irin waɗannan duwatsu ya tsinci wani dutse mai launin ja-ja a cikin hamadar jihar Agadas, yamma da Shirfa, can wajen Jado. Nauyinsa ya kusa kilo 25. Aka gutsuri ɗan kaɗan aka aika birnin Shangai na ƙasar Sin domin gwaji, masana suka tabbatar da cewa asalinsa daga duniyar Mars ne, wadda malamanmu na ilimin falaki suke kira Mirrihu. Aka yi masa rajista da lamba NWA 16788. Haruffan nan uku suna nufin yankin Arewa maso Yammacin Afirka, domin da su ake yi wa duwatsun Sahara alama.

Daga nan dutsen ya ƙetare zuwa Italiya, inda aka nuna shi ga jama'a, sa'an nan ya wuce Amurka. A ranar 16 ga watan Yuli 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a birnin Niyu Yok. Abin da ya sa ya yi tsada shi ne ƙarancin irinsa. A cikin duwatsun sama fiye da 77,000 da masana suka rubuta a lokacin, kimanin 400 ne kawai suka fito daga Mirrihu, kuma wannan shi ne ya fi dukkansu girma.

Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda dutsen ya fita daga ƙasa, shi kuwa kamfanin ya ce an bi ƙa'ida wajen fitar da shi. A watan Agusta 2025 shugaban ƙasa Janar Abdurahaman Tiani ya dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da duwatsun sama zuwa waje.

FASALI NA BIYU: BA YAU AKA FARA BA

Wanda ya ce dutse ba ya faɗowa daga sama, to tarihin ƙasar Hausa ya ishe shi amsa. A ranar 3 ga watan Oktoba 1962 wani manomi yana cikin gonarsa kusa da Zagami, a ƙasar Faskari ta kudancin Katsina, sai ya ji ƙara mai tsanani, iska ta buge shi, wani abu ya faɗo ƴan taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya nutse cikin ƙasa fiye da rabin mita. Da aka tono shi sai aka ga dutse ne mai nauyin kilo 18. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinai na Kaduna aka ajiye. Bayan shekaru bincike ya nuna cewa shi ma daga Mirrihu ya zo. A shekarar 1996 ma an sa ɗan ƙwarya-ƙwaryar ɓarɓashinsa cikin wani kumbo na Amurka da aka harba zuwa Mirrihu, ya koma wajen da ya fito.

A cikin wannan shekara ta 1962 wani dutse ya faɗo a nan jiharmu, kuma har yau a littattafan masana sunansa Doso. Kafin nan, a 1923, wani ya faɗo a ƙasar Birnin Ƙonni. A 1971 wani ya faɗo a Kabo ta ƙasar Kano. A watan Agusta 1991 wani mai nauyin kilo 110 ya faɗo wajen dutsen Tazarzait a jihar Tawa. A farkon 2008 kuma wani na ƙarfe ya faɗo kusa da Sakkwato. Al'adar masana ita ce su sa wa dutse sunan garin da ya fi kusa da inda ya faɗi, shi ya sa sunayen garuruwanmu suke rubuce a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka, alhali mafi yawanmu ba mu taɓa jin labarin ba.

FASALI NA UKU: BAYANIN MASANA

Abin da muke gani da dare ya tsaga sama da haske, mu ce tauraro ya faɗi, ba tauraro ba ne a haƙiƙa. Taurari halittu ne manya irin rana, da yawansu sun fi ta girma, nisa ne kawai ya ƙanƙanta su a idonmu. Da ɗaya daga cikinsu zai kusanci duniya, da babu abin da zai saura.

Abin da yake faruwa shi ne, Allah Ya watsa duwatsu da gutsattsarin ƙarfe a cikin sararin samaniya suna kewaya rana, mafi yawansu a tsakanin Mirrihu da Mushtari. Wasu girmansu kamar tsauni, wasu kamar ƙwayar gero. Idan ɗaya ya ci karo da iskar da ta lulluɓe duniya, yana shigowa da gudun da ya kama daga kilomita 11 zuwa 72 a cikin daƙiƙa guda. Wannan gudu yana sa iskar da ke gabansa ta matsu ta yi zafi ƙwarai, sai ya kama haske a tsayin kimanin kilomita 100 daga ƙasa. Ƙananan sukan ƙone ƙurmus tun a can sama, su ne Larabawa suke kira shihabu. Wanda ya yi girma har wani ɓangarensa ya tsira ya iso ƙasa, shi ne naizaku, shi ne muke kira dutsen sama a wannan darasi.

A nan akwai ni'imar da ya kamata mu gode wa Allah a kanta. Ba don wannan lulluɓi na iska ba, da jifa ya hana mu zama. Dubi fuskar wata, wanda ba shi da irin wannan kariya, duk ramuka ne. Wani lokaci kuma Allah Yakan nuna wa bayinSa kaɗan daga cikin abin da Yake tsare su daga gare shi. A ranar 15 ga watan Fabrairu 2013 wani dutse mai faɗin kusan mita 20 ya fashe a sama bisa birnin Celyabinsk na ƙasar Rasha, ƙarfin fashewar ya farfasa tagogi, mutane wajen 1,500 suka ji rauni.

Mai tambaya zai ce: ta yaya aka san dutse daga Mirrihu ya fito, alhali babu mutumin da ya taɓa zuwa can? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana nuna yadda ake kafa hujja. A shekarar 1976 kumbo biyu na Amurka masu suna Viking suka sauka a Mirrihu, suka auna irin iskar da ke can, suka aiko da sakamako. A 1983 masu bincike suka sami ƴar iska a kulle cikin wani dutsen sama da aka tsinta a yankin ƙanƙara na kudancin duniya. Da suka auna ta sai ta yi daidai da iskar Mirrihu, ta kuma saɓa da tamu. A 1995 aka sami irin wannan iska a cikin dutsen Zagami. Bayanin da suka bayar shi ne, wani babban dutse ya taɓa faɗa wa Mirrihu da ƙarfi har ya tarwatsa gutsattsarin ƙasarta zuwa sarari, suka yi ta kewaya rana zamani mai tsawo, har Allah Ya ƙaddara wa wasu su faɗo mana.

Dalilin da ya sa ake yawan samun su a Sahara kuwa a fili yake. Rashin ruwa yana hana su yin tsatsa su ruɓe, kuma baƙin dutse a kan farin rairayi ba ya ɓuya.

FASALI NA HUƊU: MAGABATANMU SUN RUBUTA

Kada wani ya zaci wannan ilimi baƙo ne ga Musulmi. Ibnu Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya ba da labari a cikin littafinsa Asshifa cewa wani ƙarfe mai nauyi ya faɗo daga sama a ƙasar Juzjan a zamaninsa, aka so a ƙera takobi da shi, ya ba maƙera wuya. Ibnu Batuta kuma, matafiyin nan da ya ratsa Takadda ta ƙasar Abzin a 1353, ya faɗa a cikin littafin tafiyarsa cewa sarkin Birgi, a ƙasar Turkiyya ta yau, ya nuna masa wani baƙin dutse mai sheƙi da ya faɗo a bayan garinsu. Aka kira masu fasa dutse huɗu suka yi ta dukansa da guduma, bai ko tsage ba. Abin lura shi ne yadda waɗannan malamai suka siffanta launi da nauyi da tauri, suka tsaya a nan, babu wanda ya yanka wa dutsen kaza.

Su kuwa masanan Turai sun daɗe suna musun wannan al'amari. Idan manoma suka zo suka ce sun ga dutse ya faɗo, sai a ce musu jahilci ne. Sai da duwatsu wajen 3,000 suka zubo a kan garin L'Aigle na ƙasar Faransa a ranar 26 ga watan Afrilu 1803, aka aiki wani masani mai suna Jean-Baptiste Biot ya bi ƙauye-ƙauye yana jin shaidu yana tara duwatsun, sa'an nan suka sallama. A cikin wannan akwai darasi ga ɗalibanmu na boko: mai ilimi yana iya kuskure idan girman kai ya hana shi sauraron talaka, kuma abin yabo shi ne ya koma ga gaskiya idan hujja ta bayyana.

FASALI NA BIYAR: ABIN DA ALƘUR'ANI DA SUNNA SUKA KARANTAR

Allah Ya ambaci shihabu a wurare da dama, kamar Suratul Hijri, da Suratus Saffati, da Suratul Mulki, da Suratul Jinni. Abin da ayoyin suka ƙunsa shi ne, taurari ado ne ga sama ta kusa, kuma ana jifan shaiɗanu masu satar ji da yulan wuta. Ibnu Kasir ya bayyana a tafsirinsa na Suratul Mulki cewa su taurarin da muke gani a tabbace ba su ake jefawa ba, shihabu ne da ke ƙasa da su. Ka ga ke nan malamin tafsiri ya bambanta tauraro da shihabu ɗaruruwan shekaru kafin a ƙera manyan na'urorin hangen nesa.

Babu karo tsakanin wannan da bayanin masana. Su sun auna jikin abin da gudunsa da zafinsa, watau sababin da ido da na'ura suke riska. Wahayi kuwa ya ba mu labarin wata hikima ta gaibu wadda babu ma'aunin da zai kai gare ta. Misalinsa kamar ruwan sama ne. Mun san yana fitowa daga girgije, girgije kuma daga tururin teku, kuma tare da haka mun yi imani cewa ba ya sauka sai da izinin Allah. Mumini yana riƙe da biyun, hankalinsa kwance.

Game da abin da mutane suke faɗa cewa in tauraro ya faɗi wani babban mutum ya mutu, to Manzon Allah (SAW) ya yanke wannan magana da kansa. Imamu Muslim ya ruwaito ta hanyar Ibnu Abbas (RA) cewa wani dare sahabbai suna zaune tare da Annabi (SAW) sai shihabu ya haska. Ya tambaye su abin da suke faɗa a zamanin jahiliyya idan suka ga irin haka. Suka ce sukan ɗauka an haifi wani babba ne ko wani babba ya mutu. Sai ya sanar da su cewa jifan nan ba shi da alaƙa da mutuwar wani ko haihuwarsa. Haka kuma ya faɗa game da husufin rana a ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, alhali da mai neman girma ne da ya bar mutane a kan zatonsu.

Ga wata hujja da kowa zai iya gwadawa da idonsa. A kowace shekara, daren 12 zuwa 13 ga watan Agusta, da daren 13 zuwa 14 ga watan Disamba, duniya tana ratsa wuraren da ƙura da tsakuwa suka yi yawa a kan hanyarta ta kewaya rana. Wanda ya fita bayan gari a waɗannan darare, in babu hadari ko hazo ko farin wata, zai ƙirga shihabu gommai a cikin awa guda. Da kowane ɗaya mutuwar sarki yake nufi, da sarakunan duniya sun ƙare a dare ɗaya.

FASALI NA SHIDA: DUTSE DUTSE NE

Mu mutanen Arewa mun san dutse, sunan Dogon Dutsi ma daga gare shi ya samo asali. Mun kuma san cewa girmama dutse tsohon al'amari ne a ƙasarmu. Kowa ya ji labarin Tunguma, dutsen da masu bin al'adar kakanni na wajen Lugu, garin Sarauniya, suke kai wa ƙara domin ya nuna mai laifi. Waɗannan mutane danginmu ne kuma maƙwabtanmu, haƙƙinsu a kanmu shi ne kyakkyawan zama da kira cikin hikima, ba zagi ba tashin hankali. Amma wanda ya furta kalmar shahada, bai halatta gare shi ya nemi sanin ɓoyayyen abu a wajen dutse ba, ko ya ɗora wa wani sata da hukuncinsa. Shari'a ta ɗora hujja a kan mai ƙara, rantsuwa kuma a kan wanda ya musa. To, idan dutsen da yake a ƙasa ya sami irin wannan matsayi a zukatan mutane, ina ga wanda aka ga ya faɗo da wuta da rugugi? Shi ya sa muke gargaɗi tun kafin ya faɗo a gonar wani.

Haka nan abin da ake kira gatarin aradu, wanda akan tsinta a gona bayan ruwa, a ce tsawa ce ta jefo shi, har a ajiye shi domin tsari ko a yi rantsuwa da shi. Masu binciken kayan tarihi sun tabbatar da cewa gatura ne na dutse da mutanen dā suka wasa da hannunsu tun kafin a san ƙira. Ruwa ne yake wanke ƙasa ya fito da su. Ita kuwa aradu wutar lantarki ce mai ƙarfi da take sauka daga girgije, ba ta ɗauke da dutse. Rantsuwa da aradu ko kwarankwatsa kuma rantsuwa ce da wanin Allah, wadda Annabi (SAW) ya hana.

Ma'aunin duk wannan babi shi ne abin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Sayyidina Umar (RA). Da ya zo sumbantar Hajarul Aswadi, ya bayyana a gaban jama'a cewa ya san dutse ne wanda ba ya cutarwa kuma ba ya amfanarwa, kuma abin da ya sa yake sumbantarsa shi ne ya ga Manzon Allah (SAW) ya yi. In wannan shi ne matsayin dutsen da ya fi kowane dutse daraja a bayan ƙasa, to dutsen Mirrihu ba ya maganin maye, ba ya kawo kasuwa, ba a jiƙa shi a sha. Waɗanda suka zuba miliyoyi a kansa sun saye shi ne saboda ƙarancinsa da abin da ake koya daga gare shi.

FASALI NA BAKWAI: KADA A TAIMAKI ADDINI DA ƘARYA

Akwai wata cuta kuma da ta kama wasu masu kishin addini, ita ce yaɗa duk labarin da aka ce kimiyya ta gano ya gaskata Musulunci, ba tare da bincike ba. Wayoyin hannu sun ƙara wa wannan cuta gudu. Misali, an daɗe ana faɗa a wuraren wa'azi cewa Neil Armstrong, wanda ya taka wata a 1969, ya ji kiran salla a can har ya musulunta. Shi kansa ya musanta, kuma ma'aikatar harkokin waje ta Amurka ta fitar da sanarwar musantawa a 1983. Yaron da ya ji wannan labari a masallaci, ya girma ya gano ba haka ba ne, me zai ɗauka game da sauran abin da ya ji daga bakin malamin? Ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa.

Haka nan ayar Suratul Hadidi da ta ambaci saukar da ƙarfe. Masana na yau suna cewa ƙarfe a cikin taurari ake halittarsa, kuma lalle wasu duwatsun sama ƙarfe ne zalla. Muna iya ambaton wannan domin tunani a kan ikon Allah, amma ba mu yanke cewa shi kaɗai ne nufin ayar ba, domin da yawa daga malaman tafsiri sun fassara saukarwar da halittawa da horewa. Binciken ɗan Adam yana canzawa daga zamani zuwa zamani, maganar Allah kuwa ba ta canzawa, don haka ba a ɗaure ta da shi. Suratul Hujurati ta umurce mu da tantance labari, Suratul Isra'i kuma ta hana mu bin abin da ba mu da ilimi a kansa.

FASALI NA TAKWAS: IDAN YA FAƊO A WAJENMU

Na farko, a san alamominsa. Ya fi dutsen da yake daidai girmansa nauyi. Wanda bai daɗe da faɗowa ba yana da siririn ɓawo baƙi kamar an babbaka shi. Sau da yawa jikinsa yana da lotsattsun wurare kamar an danna yatsa a kan yumɓu. Mayen ƙarfe yana jan mafi yawansu. Ba shi da ƙofofi kamar soso. A yi hattara da abubuwa biyu da suke ruɗar mutane a ƙasarmu: baƙar marmara da take saman tsaunukan Dallol Mawri, da kashin maƙera da ake samu a wuraren da aka narka tama a dā. Tabbaci kuwa sai a ɗakin gwaji.

Na biyu, ba shi da dafi, kuma ba aljani ba ne. Kada a farfasa shi a rarraba, kada a wanke shi ko a shafa masa mai, domin haka yana ɓata amfaninsa. A lura da wurin da ya faɗi da rana da lokaci, a sanar da mai gari, shi kuma ya sanar da hukuma. A Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai akwai sashen masana duwatsu da ma'adinai.

Na uku, hukuncinsa. Abin da ya bayyana gare mu shi ne, ba rikazi ba ne, domin rikazi dukiya ce da mutanen jahiliyya suka binne, wadda ake fitar wa humusi. Ba tsintuwa ba ce da ake cigiya shekara guda, domin ba shi da mai shi tun farko. Ya fi kusa da babin ma'adinai, kuma mashahurin zance a mazhabar Imamu Malik shi ne al'amarin ma'adinai yana hannun shugaba, yana tsara shi gwargwadon maslahar jama'a. Saboda haka wajibi ne a bi dokar da hukuma ta kafa, kuma fitar da shi a ɓoye ta kan iyaka cin amanar al'umma ne. Ita ma hukuma wajibi ne a kanta ta ba wanda ya tsinta da mai gona haƙƙin da zai gamsar da su, domin rashin haka shi yake tura mutane wajen ƴan sumoga.

Na huɗu, ciniki. Annabi (SAW) ya hana tarbar fatake a kan hanya a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa. Dillalin da ya san darajar dutse, mai shi ya amince masa ya ce faɗa mini kuɗinsa, shi kuwa ya ba shi kuɗin goro, ya ci haram, kuma malamanmu sun ba wanda aka yaudara ta wannan hanya damar warware cinikin. Da ɗan gari akan ci gari, kada ɗayanmu ya zama tsanin da baƙo zai taka ya cuci ɗan'uwansa. Haka wanda ya ƙona marmara ya sayar da sunan dutsen sama, algus ya yi.

Na biyar, nasiha ga matasa. Mun ga abin da ya faru tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, yadda samari suka bar gonaki suka nufi hamada, wasu suka samu, wasu suka dawo da bashi, wasu ƙishirwa ta kashe su a hanya. Kada wani ya sayar da akuyar uwarsa ya tafi neman dutsen Mirrihu, wannan cinikin biri ne a sama. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

KAMMALAWA

Ya ƴan'uwa, abin da ya fi ba mu takaici a labarin dutsen Agadas shi ne, a ƙasarmu ya faɗi, amma a Sin aka gwada shi, a Italiya aka nuna shi, a Amurka aka sa masa kuɗi. Wannan shi ne rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Malaman fiƙihu sun ce duk ilimin da al'umma take bukata farilla ce ta kifaya, in babu wanda ya tsaya da shi kowa yana da laifi. Marigayi Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ɗan ƙasar nan ne, kuma ya shahara a duniya a kan binciken amfani da hasken rana kafin rasuwarsa a 1991. Abin da ya yi, yaran Matankari da Gesheme da Kore Mairuwa da Tibiri suna iya yi, in iyaye suka bar su suka haɗa allo da lissafi, maza da mata, suka kuma daure wa tsawon karatu.

Muna roƙon limamai da malaman madarasa su karanta wannan darasi ga jama'a, musamman waɗanda ba su iya karatun boko ba. Wanda ya ga shihabu ya yi tasbihi ya tuna girman Mahaliccinsa, ya bar zancen mutuwar sarakuna.

Allah Ya tsare mana imaninmu daga shirka da camfi, Ya ba mu ilimi mai amfani da arziki na halal, Ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.